Wa Ya Yanke Inuwar Maɗinkiya?

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da matarka, da hannun nan naka mai albarka wanda ashe shi kaɗai yake aikin mutum biyu.

Tunda ka toshe lambata, na koma takarda. Mama za ta miƙa maka idan ka zo gaishe ta. Ta ɗauka sulhu muke yi, kada ka ɓata mata rai.

Na karanta sanarwar da ka sa a shafinmu na intanet. Ina taya ka murna, kamfani zai buga labarinmu na zane a littafi. Na ga an rubuta "labari da zane", sai sunanka kai kaɗai. Ni kuma an gode min a can ƙasa, bayan an gode wa mai gyaran kwamfutarka, saboda "duba kurakuran rubutu". Duk shekarun da na yi ina rubuta maka kowane shafi a kan teburin Mama, ashe waƙafi nake gyarawa. Da ma laƙabi nake sawa, Mai Tawada, don kada ɗalibaina su san malamarsu ce ke rubuta labarin birnin da ake sace wa mutane inuwa. Laƙabi kuwa ba ya wuyar gogewa.

Babi ɗaya ya rage. Tun shafin farko masu karatu suke jiran a gaya musu wa ya yanke inuwar Maɗinkiya. Ban taɓa gaya maka ba, domin bakinka ba ya riƙe magana. Amma tunda kai ne marubucin, ai ka sani.

Ka dai tuna dokar da ka zana da jan harafi a saman shafi: duk ƙarshen da mai karatu ya canka a sharhi, mun haramta wa kanmu shi. Kana ji da dokar nan sosai. To, ni yanzu mai karatu ce.

Ka huta lafiya.
Yayarka

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, hannun ma lafiya, sai ɗan ciwon da ba ki taɓa tambaya ba.

Haba Yaya! Sau nawa na ce ki sa sunanki na gaskiya kika ce ke malamar jami'a ce, ba kya son raini? Kamfani ya ce ba ya buga laƙabi a bango. Me kike so in yi, in zana musu kwalbar tawada ta sa hannu? Ke kina rubuta layi ɗaya, "sai gari ya kama da wuta", a bayan tsohuwar takardar jarrabawa mai tabon shayi, ki tashi ki tafi. Ni ne zan zauna ina zana kowace taga tana ci har idona ya yi ja. Mutane zane suke zuwa kallo, ki tambaye su.

Kuma kada ki ɗauka ban san ƙarshen ba. Sarkin Fitila ne. Wa yake amfana idan babu inuwa in ba mai sayar da haske ba? Na riga na fara zanawa.

A gaida gida.
Auta

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Na gode da Sarkin Fitila. Da na san haka za ka ba ni shi a ninke cikin ambulan, da ban ɓata lokacin tunani ba. Na sa shi a sharhi da sunan Tsohuwar Mai Karatu, har da hujjarka ta mai sayar da haske. Wani mai kiran kansa Direban Dare ya amsa min cewa wannan ai ko ƙanwarsa ta firamare ta canka.

Na ga sababbin shafukanka. Taga kam ta yi kyau. Na kuma lura an yi wa Maɗinkiya sihiri bakinta ya rufe. Matar da ta yi shekaru tana gasa wa sarakuna magana, yanzu sai zare ido. Dabara ce mai kyau ga wanda bai san abin da zai sa a bakinta ba. Wata mai karatu ta tambaya ko marubucin ne ba shi da lafiya. Wani ya ce a'a, salo ne mai zurfi. Ka riƙe wannan mutumin da kyau, irinsa ba su da yawa.

Ka tambaye ni sau da yawa in sa sunana, gaskiya ne. Ranar da za ka cire laƙabina ce ba ka tambaya ba.

Sai na ji daga gare ka. Wa kake zargi kuma?
Yayarka

Yaya,

Salam. Ba zan tambayi lafiyarki ba, na ga alama kina da ita har da ragi.

Na toshe Tsohuwar Mai Karatu, sai ga Jikar Tsohuwar Mai Karatu. Na toshe ta, sai ga Makwabciyarsu. Kin ƙone min Sarkin Fitila, kin ƙone mai gadin ƙofa, kin ƙone uwar Maɗinkiya, kin ƙone tsohon mijinta. Na zauna na ƙirƙiro cewa wata kyanwa ce, ban gaya wa kowa ba, gari na wayewa na tarar da ita a sharhi. Kyanwa, Yaya! Ta yaya kika sani?

Yanzu abin ya zama gasa. Kowa na jefa nasa, har da wanda ya ce almakashin ne ya yi da kansa. Matata ce ke tace sharhi, jiya na same ta a kicin tana karanta naki tana dariya har tana riƙe ciki. A gidana! Kwandon shara ya cika da shafukan da na yaga. Na so in sauke dokar a ɓoye, kafin in taɓa ta wani ya sa hotonta ya ce yana tsaron ta ne kada ta ɓace.

Kamfani yana kira kullum. Sun ce ba sa buga littafin da ba shi da ƙarshe. Don girman Allah ki bari. Labarinki ne fa kike kashewa.

Ƙanenki, ko kin ƙi ko kin so

Auta,

Gaisuwa da fatan ka samu barci.

"Labarinki." Na karanta kalmar nan sau da yawa. Ta yi kyau a takarda. Abin mamaki, a wasiƙar da mutum ɗaya zai gani kaɗai take fitowa.

Kyanwa kuwa, tun kana yaro duk abin da ka fasa a gidan nan ita kake ɗora wa. Ba sai an yi karatu mai zurfi ba.

Mama ta tambaye ni ko mun kusa shiryawa, ganin wasiƙu sun yi yawa. Na ce mata muna kan hanya. Ka leƙa sharhi anjima, na bar maka wani. Ya ɗan yi tsawo.

Taka har kullum,
Mai duba kurakuran rubutu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar gaske.

Na karanta. Maɗinkiya ce ta yanke inuwarta da hannunta, ta ɗinka wa ƙanenta da aka haifa ba shi da ita, don kada mutanen birni su kore shi. Ta bar shi yana taƙama da ita a rana, bai san ta wata ce ba.

Wannan ba hasashe ba ne. Na san yadda kike rubutu idan kina tsokana, na san yadda kike yi idan abin naki ne. Na koma shafukan baya na ga duk inda kika ce in zana inuwar yaron ta fi shi tsawo, ni kuma ina yi ina gunaguni. Shi ne ainihin ƙarshen. Kin ajiye shi shekara da shekaru, kin zo kin jefa shi ƙasan sharhin mai almakashi don kawai kada in samu. Da na zana shi, Yaya, da ya fi duk abin da na taɓa yi.

To, na gyara kuskurena. Ki duba shafi. Cikakken sunanki yana sama da nawa, da manyan haruffa, har da sashen da kike koyarwa. Na nemi afuwa a gaban kowa. Na kuma sanar cewa babin ƙarshe yana hannunki ke kaɗai, kuma kin yi alkawarin ƙarshen da babu wanda ya canka. Kamfani ya ji daɗi ƙwarai, na ba su lambarki. Ɗalibanki ma sun iso. Ɗaya ya rubuta, "Malama, muna jira, kuma ba a karɓar uzuri."

Dokar tana nan da jan harafinta. Na san ba ki da wani ƙarshen. Bismillah, marubuciya.

Ƙanenki mai biyayya,
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Na gani. Ka girma.

Masu karatu sun zargi kowa a birnin, har kyanwa. Mutum ɗaya suka manta: wanda yake wajen shafin, riƙe da fensir da abin gogewa.

Ka zo gidan Mama ranar Asabar da kayan aikinka. Ka taho da madubi, za ka buƙace shi wajen zana fuskar mai laifin.

Ka gaida matarka.
Marubuciya