Katifu Biyu a Hanyar Gatawa

Zuwa ga Ikilima, sanyin idona, ruwan farko na damina, furar sabon gero da aka dama da nonon safe, inuwar da nake nema tun daga Isa har Sabon Birni. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya yi tafiya don ya same ki, ya tarar ke ma kin yi tafiya don ki same shi.

Ina rubuto miki daga Sakkwato, daga Tsangayar Ilimi, a kan bencin da ƙawayenki suka ce nan kike zama. Ke kuwa kina Gusau, wataƙila a kan nawa bencin, mai ƙusar nan da ke kama riga. Ki matsa hagu kaɗan, masoyiyata, ƙusar tana dama.

Wa ya aike mu? Ni dai na gaji da ganinki daga hutu sai hutu, shi ya sa na nemi canjin makaranta a asirce, don kawai ki ɗago kai wata safiya a aji ki gan ni. Mutum ɗaya na gaya wa, Gwaggo Habi, mai kai tabarmi kasuwar Sabon Birni ta dawo da dabinon Nijar, wadda ta daɗe tana ɗaukar mana saƙo. Na sa ta yi rantsuwa ba za ta faɗa miki ba. Ashe ke ma kin je mata da irin wannan sirri, kin sa ta yi irin wannan rantsuwa. Kin san Gwaggo da amana, ko allura aka ba ta ajiya sai ta dawo da ita da zarenta. Ta riƙe nawa, ta riƙe naki, ta sa mana albarka mu duka. Har ita ta zaɓa mana ranar tafiya, wai Laraba ta fi sa'a.

Kin tuna Larabar nan? Ni ba na jin za ni manta da ita har kabari. Motarmu ta taso daga garinmu Isa ta nufi yamma, katifata ɗaure a sama. Muna gab da Gatawa sai ga wata mota ta taho daga garinku Sabon Birni, a samanta katifa mai furanni ja, wadda ni da kaina na taya ki taya farashinta. Na ce a raina, kai, katifar nan ta yi kama da ta Ikilima. Sai na ga fuskarki a taga, kamar wata daren sha huɗu, bakinki buɗe. Na ɗaga hannu, kika ɗaga hannu. Na roƙi direba ya tsaya, ya ce ko uwarsa ce a waccan motar ba ya taka birki a wannan daji, kuma ban ga laifinsa ba. Haka muka wuce juna, kowa ya tafi wurin da ɗayan ya baro.

Ya hasken fadama, kin san abin da soyayyarki ta ci mini? Ina aji uku na taso, aka karɓe ni a aji biyu, domin wasu darussan da na ci ba su yarda su biyo ni ba. Yanzu ina sake karanta halayyar yara tare da yaran da na girme su. Tallafin karatuna ma ya ƙi tahowa. Malam Marwan na ofishin kula da ɗalibai ya bayyana mini cewa wancan tallafi na makaranta ne, ba na mutum ba, yana nan daram inda na bar shi. Wato tallafina yana Gusau kusa da ke, naki yana nan kusa da ni, kuma ba wanda zai iya taɓa na wani. Ko su ma sun fi mu dabara, don su ba su motsa ba.

Kada ki ɗauka na zauna. Na bi duk ƙofar da aka nuna mini. Akwai tallafin masu hazaƙa, na duba sakamakona na wuce. Akwai na ma'aurata, na ce da niyya ake lissafi ko sai an shafa fatiha, Malam Marwan ya cire tabarau ya dube ni. Akwai na aiki a ɗakin karatu, shi na samu, kullum ina goge littattafai, kuma duk wanda na ga sunanki a katin aronsa sai na goge shi sau biyu. Akwai kuma na waɗanda suka yi alkawarin komawa gida su koyar bayan sun gama. Wannan na sa hannu ban ko karanta ba, domin ina za ni in ba gida ba, kuma wa ke gida in ba ke ba?

To ga abin da ya hana ni cin tuwo. An ce sau ɗaya kacal ya rage wa kowanenmu ya sake canji, kuma za a rufe karɓar takardu ƙarshen watan nan. Idan na koma Gusau, kika dawo Sakkwato, shi ke nan, sai dai mu haɗu da furfura a taron iyayen yara. Duk lokacin da na kira ki a waya na tambaya wa zai taso, sai ki ce duk yadda na gani. Ni kuma in ce a'a, duk yadda kika gani. Sai mu yi ta yi wa juna kara har katin ya ƙare. Karar nan ita ta ɗaura mana katifu tun farko, kuma ina tsoronta, Ikilima. Wallahi ina tsoro. Jiya da Gwaggo ta zo sarin kaya na tambaye ta ko kin gaya mata wani abu, sai ta kama haɓa ta dubi sama, irin duban da ta yi mini kafin waccan Larabar.

Saboda haka yau na ajiye kunya, na ajiye kara, za ni faɗa miki a fili. Ki zauna. Kada ki cike takarda, kada ki naɗe katifa, kada ki je ko kusa da tasha. Ni za ni zo. Idan sun sake mayar da ni aji biyu, su mayar, na riga na saba da shi, har malamai sun fara tambayata abin da ke gaba. Gara in tsufa a aji biyu ina hango bayan mayafinki da in zama farfesa a garin da ba ki. Na kuma warware wa Gwaggo rantsuwata, ke ma don Allah ki warware mata taki, baiwar Allah nan ta rame.

Amma na san ki, ya tauraruwar Gobir, na san zuciyarki ba ta iya zama in ta ji ana wahala dominta. Idan har takardar nan ta same ki kin riga kin ɗaure kaya, to ki saurara. Na san ta gida za ki biyo, ni ma ta gida za ni bi, in kika hango katifata shuɗiya mai faci a kan mota wajen Gatawa, kada ki ɗaga mini hannu. Ki yi ta dukan motar har direba ya gaji ya tsaya, ni ma za ni diro ko bai tsaya ba. Mu shimfiɗa katifun a gindin bishiya, mu kira yaran garin da suka daɗe ba su ga malami ba. Ke rabin digiri, ni rabin digiri, in aka haɗa ai malami ɗaya ne cikakke.

Naki, a kowace makaranta, a kowane aji, har ranar da za a naɗe ni a tabarmar da ba a dawowa,

Na'Allah