Kazar da na yanka

Madawa, 9 ga Nuwamba, 1994

Zuwa ga mahaifina, Baba Barmo maɗori, a Allakaye.

Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da dukan gida. Yaya gajiyar girbi? Na san Malam Illa ne zai karanta maka takardar nan a zaure. Malam, kada ka tsallake komai, ko da akwai mutane.

Baba, kwananmu huɗu a asibitin mishan ni da matata Rukaiya. An ɗauki hoton ƙafarta da ta karye, ƙashin bai kama ba.

Ranar da matata ta faɗo daga rumbu, ka ɗora ƙafarta, ka karya ƙafar kaza ka ɗora, yadda ka gada. Ka ce kada ta taka sai kazar ta taka, ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe. Ni kuwa majo, malamin asibiti mai takardar Yamai, na yi dariya gaban baƙinka. Da muka koma Buza, abokan aikina suka ga kaza ɗaure da kara a gindin gadonta, suka yi mini ba'a. Na aiko maka cewa shaho ya ɗauke ta. Ƙarya na yi, Baba, yanka ta na yi. Bayan sati uku kumburi ya sauka, na kwance ɗorin, na ce ta tashi. Ta ce da zafi, na ce raki ne.

Likita Titus ya zaunar da ni kamar ɗan aji ɗaya. Ya ce jinin da ke daskarewa a karaya yana sakin wasu sinadarai, su ne 'yan aiken da ke kiran ƙwayoyi magina ƙashi. Sai wurin ya natsu maginan ke gama aiki, ni kuwa kullum ina rushe musu gini. Da na ba shi labarin kazar, ya ƙirga da yatsu, ya samu sati takwas, daidai da littafinsa.

Jibi za a sa mata ƙarfe. Ba a tabbatar za ta miƙe sarai ba. Kunya ta hana ni kallon idonta. Ka yafe mini.

Ɗanka,
Nura

Buza, 2 ga Janairu, 1995

Baba,

Ina gaishe ka da kyau, a gaishe mini da Inna. Yaya sanyi?

Tun watan Nuwamba Kalla direba ya kawo mini saƙonka: kaza ɗaya, ƙafarta a ɗore, babu takarda, babu magana. Na gane.

Ƙashin ya fara kamawa, amma likita ya ce Rukaiya za ta yi ɗingishi har abada. Ita ba ta taɓa ce mini komai ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Kazar ta taka, yanzu tana kwance kan ƙwai tara. Ni ke ba ta hatsi da safe a ƙofar gida, inda abokan aikina ke wucewa.

Ka huta lafiya.

Ɗanka mai neman gafara,
Nura