Tsumman Baba

Umma,

Na so in jira ki dawo, amma aiki ya kira ni.

Na gano inda warin fetur ke fitowa a motar Baba. Tiyon da ke kwashe tururin mai daga tanki ne ya tsage. Ashe da tsumma ya ɗaure wajen, irin ƙullin nan nasa mai wuyar kwancewa. Na sa sabon tiyo. In an sha mai, a riƙa murɗa murfin tanki sosai.

Da na zauna a ciki ban ji warin ba, sai na ji kamar yau muka rasa shi. Kada ki nemi tsumman, na tafi da shi.

Autanki