Buhun Masara a Hanyar Samaru

Sabon Gari, Zariya

Jikata Tabitha,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ki yi haƙuri da rubutun, na yaƙi da jahilci ne.

Tun shekarar da motoci suka koma hannun dama na fara dako a shagunan kamfanin PZ, ban taɓa jin kunya irin ta ranar Asabar ba. Masu shaguna suka kira ni in zo in ga jikata, 'yar jami'a, da buhun masara a ka, ba takalmi, wani yana bin ta da kyamara. Na yi dako ne don kada nawa ya yi, shi ya sa na fizge buhun. Sauran kin sani. Na ɗaga, gwiwa ta ƙi, na zube cikin kwata a gaban waɗanda na koya wa aikin.

Tun ranar ko coci ban leƙa ba. Ki sa a goge hoton nan.

Kakanki, Shekari

*

Samaru

Angona,

Ina gaisuwa da ladabi. Yaya gwiwar? Ka ga abin da ya sa nake cewa zan sake miji.

Ba talauci ya ɗora mini buhun ba, aikin kammala karatuna ne a sashen fasaha. Na so in kai shi Samaru a ƙafa, mutane su ga irin jikin da ya cika wa Turawa shagunansu. Za a nuna bidiyon a nan, daga baya a ƙasar waje.

Olamide, mai kyamarar, bai kashe ta ba da ka faɗi. Malamina ya gani, ya ce faɗuwarka ce ta ba aikin rai. Kaka, na ji daɗin maganar kafin in tuna ko wane ne a kwatar. Wannan ne ya hana ni zuwa duba ka.

In ka ce a goge, zan goge, in maimaita shekara.

Taka, Tabitha

*

Sabon Gari

Amarya,

Na gaishe ki. Gwiwa da sauƙi, kuma ba mai ɗaukar mace mai yawo ba takalmi sai ni.

Da ƙuruciyata wani Bature ya ɗauke ni hoto da buhu biyu a wuya, ya rataye a ofishinsa. Ina ta kai abokai su gani, har wani mai karatu ya gaya mini abin da aka rubuta a ƙasa: baƙin lebura. Bai tambaye ni ba, bai kuma tambayi sunana ba. Ke kin tambaya, ko da yake bayan an gama.

Ban ce na yarda ba. Kada dai ki goge tukuna. Gobe da safe zan hau keke napep in zo Samaru. Ki rufe ƙofa, ki fitar da malamin naki, in ga yadda na faɗi. In abin zai tafi ƙasar Turawa, a rubuta Shekari Bako a ƙasa, da manyan baƙaƙe.

Ki huta lafiya.

Kakanki