Tankin Mama Rebeka ya yi ambaliya, Absalom ya yi shiru

Bappa Hamajoɗa, ka taimake ni kafin aurena ya bi ruwa.

Ni mai rubuta manhaja ce a Jimeta. Don in burge Mama Rebeka, uwar saurayina Absalom, na haɗa mata 'yar na'ura mai kashe famfo idan tanki ya cika, can gidanta a Shagari Low Cost. A kwamfutata komai lafiya lau. Ranar da muka ɗora ta, tanki ya yi ta ambaliya har ya jiƙe masarar da ta shanya, kaji suka hau katanga. Yanzu in na gaishe ta, sai ta tambaye ni ko na iya tafasa ruwa.

Absalom ne ya saita kwamfaila, wato manhaja mai juya rubutuna ya koma abin da na'ura ke ganewa. Da na bincika, ashe ya bar ta tana ɗauko fayilolin heda, masu bayyana tsarin na'ura, na kwamfutata, ba na 'yar na'urar ba. Ko tari kwamfailar ba ta yi ba! Shi kuwa ya san kuskurensa ne, amma har taya Mama girgiza kai yake. Ina sonsa, Bappa. In tona shi a gabanta?

Wadda Ruwa Ya Ci

'Yata, sannu da iyo.

Kwamfaila tela ce, fayilolin heda kuma su ne awon da take yanka da shi. An miƙa mata awon ƙato, ta ɗinka wa jinjiri. Ba za ta tanka ba, domin duk hedar da aka ce ta tsarin gida ce, kallon dattijo take yi mata: ko ta ga ɓaraka, sai ta sunkuyar da kai. Nuna mata sysroot, wato ɗakin da hedojin na'urar suke, ki hana ta leƙa na kwamfutarki, ki sake haɗawa. Wannan karon ki gwada a kan bokiti. Ke ma ai kin yi gaggawa da masarar mutane.

Kuskuren Absalom ƙarami ne, manyan injiniyoyi ma sun yi shi. Girgiza kan ne ya tsaya mini a rai. Kada ki tona shi, Mama ba za ta gode miki ba. Ki ce ya faɗa mata da bakinsa kafin a sa rana. In ya faɗa, ki aure shi. In ya kasa, kin ga halinsa tun da wuri: kwamfaila ce ta biyu, a gaban manya ba ya magana, ko da ke ce a cikin ruwa.

Allah ya busar da masara, ya buɗe bakin Absalom.

Bappa Hamajoɗa