Kaburburan da ke Kaina Ba Su da Magaji

Malam, don Allah ka taimake ni da shawara, ko da yake ban ga abin da za ta gyara ba. Ni ban yi makaranta ba, 'yata ce ke rubutawa, kuma na gargaɗe ta kada ta sa mini kalmar da ba tawa ba.

Tun shekarar da ruwa ya cinye tsohuwar gada nake kula da maƙabartar unguwarmu, nan bayan gari. Ruwan ya kwashe allunan kaburbura, sai mahaifina ya riƙa jan hannuna yana nunawa: wannan mai gyaran keke ne, waccan matarsa, na gindin bishiya kuwa maƙwabcinsu ne da ba sa ga maciji da juna, ga su yau kafaɗa da kafaɗa. Haka na haddace su.

Yanzu unguwa ta juye. 'Ya'yanmu sun sayar da gidaje sun koma cikin birni, an yanka gidajen ɗaki-ɗaki an zuba 'yan haya. Kwanaki ƙaramar hukuma ta yi ƙidaya, wai baƙi sun fi mu yawa nesa ba kusa ba, yawancinsu samari daga ƙasashe daban-daban. Ai ni ba sai an ƙirga mini ba. Ina ganinsu a tashar bas da rigunan aiki masu ƙyalli, masu lodin kaya, direbobi, magina. Matan kaɗan ne, su kuma jinyar tsofaffin wasu suke yi. Babu mai furfura ko ɗaya a cikinsu. Ba su yi mini komai ba, suna gaishe ni, har kujera ake ba ni a bas. Amma kowa jakarsa a ɗaure take. Kafin ka riƙe fuskar mutum ya tashi, wani ya shiga ɗakin. In ɗayansu ya rasu ma, gida suke mayar da gawarsa.

Sai mutum ɗaya, wani direban motar kaya da nake kira Dogo. Bara matarsa ta biyo shi, suka haihu, jaririyar ta koma. Ni na nuna inda aka sa ta. Tun daga nan duk ranar hutunsa yana wurin, ya share nata, ya share na kusa da ita. Ya roƙe ni in bi layi-layi ina faɗar sunayen mamatan yana ɗauka a waya. Na ƙi. Wannan abu da ƙafa ake karɓarsa, kuma ɗan unguwa ake ba wa, wanda in ka ambaci wance zai tuna dariyarta. Shi ko sunayen ba ya iya furtawa daidai. Ɗana kullum sai ya ce in ya samu sarari. Wannan da ke rubutu kuwa tsoron wurin take, ta ce a cire wannan zancen daga wasiƙar, na ce a bar shi.

Makon jiya na tsaya a layin da ke jikin katanga, kaina ya ɗauke. Mutane ne da na ci abinci a gidajensu, suna ya ƙi zuwa. Har yau bai zo ba.

Shin in ba wa baƙon da gobe zai iya tashi sunayen nan, ko in tafi da su ƙasa? Ni dai gobe da safe zan ɗauki sandata in fara daga bakin ƙofa, in ga nawa suka rage mini.

Tsoho Mai Sanda

Baba, Allah ya saka maka da alheri. Ba zan yi maka daɗin baki ba: unguwar da ka sani ba za ta dawo ba, kuma kada ka ƙara jiran sararin ɗanka. Na layin katanga ma mai yiwuwa sun tafi ke nan.

Kana da gaskiya, waya ba ta san dariyar kowa ba, kuma Dogo na iya tashi kamar sauran. Amma ka duba, duk cikin baƙin nan shi kaɗai ne ya sa jininsa a ƙasarku. Ko ya koma ƙarshen duniya, zuciyarsa na bayan wannan katanga. Wane ɗan unguwa ne ya rage da ya fi shi dalilin zuwa?

Ka ba shi yadda mahaifinka ya ba ka, da ƙafa, da labarin kowa. Ka bar wayar a kunne a aljihunsa, ba ta hana tafiya. A tura wa 'yarka abin da aka ɗauka, tunda tsoronta bai kai ga waya ba. In ya karya suna, ka gyara masa. Kai ma ba rana ɗaya ka iya ba.

Ba duka za ku ceto ba, Baba. Amma gobe kada ka fara daga bakin ƙofa, su ba za su ɓace maka da wuri ba. Ka kira Dogo, ku fara daga inda ka ji sun soma yi maka nisa.

Allah ya ƙara lafiya, ya jiƙan waɗanda ka tuna da waɗanda ka manta.