Murfin Tankar Roba

Mutum Biyu, 12 ga Yuni, 1994

Zuwa ga ɗana Sadisu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Amatullah da 'yar jikata Mufida, da fatan damina ta same ku lafiya.

Hambali direba ne ya gaya mini ka dawo daga Laberiya tun kafin ƙaramar Sallah, an sallame ka daga soja saboda hannunka na rawa. Ya ce Manga bakanike, na bayan Kasuwar Jalingo, ya ajiye maka gurbi a garejinsa har ƙarshen Yuli, amma ka ƙi ko leƙawa, wai ba za ka riƙe sufana a gaban yara tana karkarwa ba. Kai, Sadisu? Kai da ka kwance agogon ofishina kana aji biyu, ka mayar da shi yana aiki fiye da yadda yake a da?

Ga wani kwali nan na ba Hambali. Wani Bature da ya koyar da kimiyya a makarantarmu ne ya bar shi a sito. Tankar yaƙi ce ta roba, ba ta fi tafin hannu biyu ba, amma a warwatse take, sai an haɗa. Akwai gam, akwai fenti, akwai takarda mai zane. Na ce wa ya san tanka kamar ɗalibina? Hannu kamar ɗan makaranta yake, in ya daɗe bai zo aji ba, daga ƙaramin darasi ake fara masa. Ka gwada, ka rubuto mini.

Ka huta lafiya.
Malaminka, Yuguda

*

Jalingo, 21 ga Yuni

Malam,

Wa alaikumus salam, da gaisuwar girmamawa. Kwali ya iso. Na yi dariya, Malam. Ni da na shiga ta ƙarfe ka aiko mini ta yara.

Na tura shi ƙarƙashin gado. Sai dai ba na iya zama. In na zauna ƙafata ce ke cewa tashi. Shekaranjiya na taka har hanyar Iware na dawo, ba wanda na je gani. Jiya ruwa ya tsare ni a ɗaki, na rasa abin yi, na jawo kwalin.

Ga rahoto. Sassan duk a manne suke a jikin wani firam, na sa hannu na ɓalle taya ɗaya, ta tsage. Na matsa gam, ya kwararo, yanzu hoton babban yatsana na nan a gefen tankar kamar na dangwala ƙuri'a. Wata 'yar fitila da ba ta kai ƙwayar gero biyu ba ta yi tsalle daga hannuna, kazar Amatullah ta haɗiye ta ina kallo. Amatullah ta ce in na taɓa mata kaza sai dai mu je gaban alƙali.

Ka ga amsar hannun ke nan. Don Allah kada ka ƙara yi mini zancen Manga.

Ɗalibinka, Sadisu

*

Mutum Biyu, 26 ga Yuni

Ɗana Sadisu,

Bayan sallama da fatan alheri. Wasiƙarka ta faranta mini rai, har na karanta wa kaina ita sau biyu. Duk ɓarnar da ka lissafa ta mai koyo ce, ba ta mai ciwo ba. Ni ma da na buɗe kwalin don in duba, na karya eriya, na yi shiru na mayar.

To, saurara. Ba a ɓalle sassa da hannu, da reza ake yankewa, a goge bakin da samfefa mai laushi. Kada bakin gam ya taɓa roba. Ɗiga shi a murfin kwalba, ka riƙa ɗiba da tsinken sakace. Kafin ka sa gam, fara gwada sassan a bushe ka ga yadda suke zama. Ƙananan kuma ka kama su da hantsakin cire ƙaya, ka yi aikin cikin tire mai baki, kaza ta nemi abincinta a wani wuri. Fitilar da ta ci, yanko bakin biro ka maye gurbinta.

Babba a ciki: kafa gwiwar hannunka biyu a kan tebur, ka jingina wuyan hannu da wuyan hannu. In za su yi rawa, su yi tare, sai ka ga abin ya shiga. Kuma ka bi takardar lamba bayan lamba, kada ka ƙara, kada ka rage. Wanda ya zana ta ya san abin da yake yi.

Ban ambaci Manga ba, ka shaida.

Malaminka, Yuguda

*

Jalingo, 17 ga Yuli

Baba Malam,

Ina gaisuwa da ladabi, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ni ce Amatullah. Baban Mufida bai san na rubuto ba.

Da farko abin ya yi kyau, Baba. Ya jera tayoyin duka, ya ɗaura sarƙar, har yana fito. Ranar da ya manna bakin biron nan ya kira ni daga madafa, ya ce, "Zo ki ga abin da kazarki ta jawo." Rabon da in ji wannan muryar tun kafin ya tafi.

Sai ya kai wurin rufin gaba, inda direba ke zama. Ya ɗauko shi ya tsaya yana kallo. Na ce, "Baban Mufida, tuwo ya huce." Ya ce, "A rufe suka zubo shi." Na ce mene ne? Ya ce, "Murfin direba. Zane ne kawai, ba ya buɗewa." Ya sa farce yana kankara har farcen ya yi jini.

Ranar ne ya ba ni labarin Philemon, abokinsa ɗan Iware, direban tankarsu. Wuta ta kama su a hanya. Shi da wani sojan da ke tare da su sun fita ta sama, murfin Philemon kuwa ya cije. Ya ja da hannu biyu ƙarfen na ƙuna, yana jin bugun Philemon daga ciki, har mutane suka janye shi da ƙarfi. Daga ranar hannun ya fara. Ashe in ya bi hanyar Iware, gidan uwar Philemon yake nufa, ya kasa ƙarasawa.

Yanzu ya koma yawo, ya fita ya shigo, ya fita ya shigo. Ya ce in ba shi sabuwar reza, ni kuwa tsoro ya kama ni, na ɓoye duk ta gidan. Manga ya zo jiya, ya tsaya a ƙofa yana cewa, "Soja, fito mana, sufana ba ta harbi!" Bai fito ba. Manga ya ce mini wata na ƙarewa dole ya ɗauki wani, aiki ya yi masa yawa.

Baba, na san alheri ka nufa. Amma cikin duk abin duniya, sai tanka? Ka gaya mini yadda zan yi.

'Yarka, Amatullah

*

Mutum Biyu, 20 ga Yuli

Sadisu da Amatullah,

Assalamu alaikum. Ku karanta wannan tare. Sadisu, kada ka yi mata faɗa, ta kyauta da ta rubuto.

Ban san zancen Philemon ba, da na sani, da ban aiko ba sai na tambaya. Tun da wasiƙar ta zo nake kai da kawo a tsakar gida. Na ce maka ka bi takarda, kada ka ƙara, kada ka rage. Na janye. Wanda ya zana ta bai taɓa shiga tanka ba, kai ka shiga.

In ka ga dama ka ba Hambali kwalin ya dawo mini da shi, ba zan ƙara tada maganar ba. In kuma abin da nake zato ne ya sa ka nemi reza, ga sabuwa nan cikin ambulan. Amatullah, na san tsoronki, ki zauna kusa da shi. Sadisu, robar wurin siririya ce. Ba a danna reza, ana bin zanen ne a hankali, a sake bi, a sake bi, har ta huda da kanta. Ta yiwu ta tsage. In ta tsage, roba ce ta tsage, ɗana.

Ina nan ina jira.
Yuguda

*

Jalingo, 29 ga Yuli

Malam,

Gaisuwa mai yawa. Murfin ya buɗe.

Amatullah ce ta riƙe mini. Hannun ya yi rawa kafin in fara, ya yi bayan na gama. A tsakani bai yi ba. Gefe ɗaya ya ɗan karkace. Na yi masa maƙali da siririyar waya, yana buɗewa, yana rufewa.

Gobe za mu je Iware ni da ita. Na so in kawo maka tankar ran Litinin, amma Manga ya ce in zo gareji da sassafe, akwai wata akori-kura da ta gagare su.

Tana nan kan tebur, ban yi mata fenti ba tukuna. Murfin na bar shi a buɗe.

Ɗalibinka, Sadisu